Hoton da Maiwada Ya Aika Anaca

Ban gama ɗaure akuyata ba na ji an rungumo ni ta baya, har hulata ta faɗi.

"Alhaji Maiwada! Ka ƙara ƙiba!"

Na juya, sai ga wani dogon Ibo da jaka a hannu. Sikiru direba na jingine da motarsa yana kallon sama, kamar ba shi ya kawo shi ba.

Ni sunana Aƙilu. Maiwada maƙwabcina ne a Funtua, katanga ɗaya ta raba mu. Tun bayan yaƙin basasa yake aika busasshen barkonon Danja zuwa Anaca wurin wannan mutum, Obioma, shi kuma ya aiko masa da manja. Shekara goma sha biyu ba su taɓa ganin juna ba, sai wasiƙa a hannun Sikiru. Da Obioma ya nemi hoto tun farko, Maiwada ya dubi kansa, gajere, siriri kamar tsinken tsire, ya ce, "Wa zai damƙa wa wannan mota guda ta manja?" Sai ya ari hotona na dawowa daga Makka ya sa a ambulan. Na ba shi, don ban ga asarar da zan yi ba.

To yanzu ciwo ya kwantar da shi, asibiti sun ce a koma gida. Ya nemi gafarar kowa a unguwa, saura mutum ɗaya, kuma ya rantse ba zai iya fuskantar kabari da wannan ƙarya ba. Shi ya sa ya aika wa Obioma cewa ya zo.

Na ce, "Baƙo, shigo ka ga wani."

Inno, matar Maiwada, ta ɗaga labule. Maiwada na kwance, bargo ya kusa shanye shi.

"Obioma," in ji shi, murya can ƙasa. "Ni ne Maiwada. Wancan ƙaton aro na yi. Ka yafe mini."

Obioma ya dube shi, ya dube ni. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa ba ta ba shi wuya, amma ranar sai ta maƙale masa. Na fara duba hanyar ƙofa.

"Hoton nan," Obioma ya ce a hankali, "yana rataye a shagona. Kowace Lahadi matata Bridget sai ta yi wa fuskar nan addu'a a ba ta lafiya."

Inno ta ce daga bakin ƙofa, "Ai ga shi nan ta karɓu. Dubi wuyansa."

Obioma ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Maiwada ma ya yi, tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa.

"Ka yafe?" ya sake tambaya. Shi ba wasa ya kira mutum ba.

Obioma ya kama hannunsa. "Maiwada, buhu nawa ka aiko mini? Ko sau ɗaya ban tsinci tsakuwa a gindin buhu ba. Barkono na saya, ba tumbi ba. Na yafe, duniya da lahira, yadda kuke faɗa."

Maiwada ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Inno, tuwo. Ki sa yaji sosai, mu ga ko ya san abin da yake sayarwa."

Kwana uku Obioma ya yi a ɗakin nan. Suka zagi direbobi, suka yi gardamar shekarar da barkono ya fi tsada. Maiwada, da ya yi mako bai ci komai ba, ya sha koko rabin kwano. Ranar Alhamis bayan Azahar ya cika, bakinsa da salati.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maiwada ba shi da wa, ba shi da ƙane, wurin ɗan'uwa ya zauna babu kowa. Liman ya dubi Obioma, ya nuna masa wurin da haɓa.

Ya cire takalmi ya zauna, dogayen ƙafafunsa sun ƙi tanƙwasuwa. Masu ta'aziyya daga Dandume suka sauko daga mota, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna miƙa masa hannu.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya," yake cewa, yana ɗora hannu a ƙirji.