Sa Hannu a Kan Katako

Mai makarantar nan maƙaryaci ne. Da ƙafarsa ya zo ya sa tsohon kafinta ya yi masa benci arba'in na ƙananan yara. Da aka gama sai ya sayo na roba, ya ce bai san zancen ba. Wata uku bencinan sun cushe shagon. Babba ba ya iya zama a kansu, balle a saya, kuma babu wurin karɓar wani aiki.

Da safe 'yar kafinta ta kawo masa abinci, ta tarar ya ɗora zarto a kan wani guntun katako.

"Baba, me za a yi?"

"'Yar kujera ga uwarki. Gwiwa ta hana ta tsuguno."

Ta duba katakon, ta ga rubutun fensir: yawan benci, awo, farashi, kwanan wata. A ƙasa ga sa hannu.

"Wannan hannun wane ne?"

"Na mai makarantar. Ranar babu takarda a kusa."

Ta riƙe zarton. "Tashi mu je wajen lauya."

"Da furfurata zan kai mutum kotu? Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Sau nawa ka je gidansa?"

"Bakwai."

"Ya fito?"

"Karensa dai ya fito."

"To Baba, dutsen nan ba zai dahu ba." Ta kakkaɓe masa garin katako daga gira. "Ba faɗa za mu yi ba. Guminka za mu nema."

Ya ajiye zarton, ya sa hula.

Lauyar ta ɗaga katakon da hannu biyu, ta karanta, ta yi dariya.

"Baba, ban taɓa riƙe yarjejeniya mai nauyin wannan ba. Tun ranar da ya musa ya kamata ka zo. Da ka yanka shi, da shi ke nan."

Da yamma matarsa ta tare shi a ƙofa.

"Malam, ina kujerata?"

"Tana wajen lauya."

"Me ta yi?"

"Shaida za ta bayar."

Kafin magariba ya cire murfin akwatin kayan aikinsa ya yi mata wata.

Ranar shari'a mai makarantar ya musa a gaban alƙali, aka ajiye masa katakon. An sa shi ya biya aikin duka, da ladan lauya, ya kwashe bencinansa cikin kwana bakwai.