Maƙwabcin Mako Guda

Da mijin yayata, Mzee Bwanaheri, ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa, ni na ɗauke su a tuk-tuk ɗina, keken haya mai ƙafa uku, muka yi ta zagaya Diani neman gida. A ƙarshe gida biyu suka rage. Ɗaya a cikin Ukunda, a wani lungu da yara ke buga ƙwallo har bakin ƙofa, mata na suyar kifi a waje, kowa ya san miyar da aka kaɗa a gidan kowa. Ɗayan kuma a Galu, dab da teku, cikin jerin fararen gidaje masu rufin ganyen kwakwa, waɗanda masu su ke zaune a Nairobi ko Turai suna ba 'yan hutu haya ta waya.

Yaya Mwanasiti ta ce Ukunda take so, domin mutum rahama ne. Mzee ya ce shi kam ya ƙoshi da rahama, tun yana saurayi rahama ke aron tsaninsa ba ta mayarwa. Suka sayi na Galu.

Tun makon farko Yaya ta soya mahamri, irin fankenmu na fulawa, ta lulluɓe faranti da kyalle, ta kai wa maƙwabta kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Wasu Italiyawa ne, mata da miji, suka cinye suna ta godiya. Da ta koma karɓo farantin sai ta tarar da wani iyali daga Kampala, ba su san zancen faranti ba. To, sababbin maƙwabta ne, dole a yi musu maraba. Ta sake suya. Haka kowace Asabar, gidan dama da na hagu da na gaba, har fulawa ta fara yi mata wuya. Ba ta gane inda aka dosa ba sai ranar da wata mata ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da sassafe, ta ce karin kumallo ya makara, kuma mijinta ba ya shan sukari.

Shi kuwa Mzee, matsalarsa ta fi wannan. Mutum ne da ba ya fushi nan take. Sai ya ɗora fushin a wuta ya dahu a hankali, kamar wake. Wasu samari daga Nairobi suka kama gidan da ke jikin nasa, suka cika unguwa da kiɗa, suka jefa masa kwalabe cikin furanni. Ya shiga haɗa maganganun da zai gaya musu. Ya gwada a gabana, ya gwada a gaban Yaya, ya cire abin da ya yi laushi, ya ƙara karin magana biyu. Ran Litinin ya ɗaura zaninsa mai ratsi, ya sa hula, ya nufi gidan. Samari sun tafi tun Lahadi. Wata tsohuwa 'yar Norway ya tarar a kan tabarma tana miƙe ƙafa ɗaya sama.

Ya ce da ni daga baya, magana ta riga ta nuna, ba ta ajiyuwa. Sai ya sauke mata ita gaba ɗaya, tun daga tarbiyya har zuwa kwalabe. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ya gama ta tafa masa, ta roƙi su ɗauki hoto.

Ba a jima ba Njambi ta zo. Ita ce ke riƙe da makullan yawancin gidajen layin, budurwa mai saurin magana, kullum waya biyu a hannu. Ta nuna wa Mzee abin da baƙi ke rubutawa a intanet bayan sun tafi. Wannan ya yaba iskar teku, wancan ya yaba wurin ninƙaya, amma kusan kowa ya ambaci dattijon unguwa na gaske, mai faɗa da harshen gida. Har taurari ake ba shi. Yana da huɗu cikin biyar.

Na zaci zai kore ta. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Wane ne ya hana ni na biyar ɗin?"

Ta ce wani Bajamushe ne, wai faɗan ya yi gajarta.

"Ina yake?"

"Ai ya koma ƙasarsu, Baba."

Mzee ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Njambi kuwa ta saka hotonsa a tallar gidajen, tsakanin wurin ninƙaya da janareta. Daga nan duk la'asar sai baƙi su zo su tsaya a gaban barandarsa cikin gajerun wanduna, suna jiran a yi musu faɗa. In ya yi shiru su ce yau ba ya aiki. In ya tashi ya kore su da gaske, sai murna, su ɗaga wayoyi.

Da damina ta sauka, unguwar ta mutu. Aka rufe tagogi, aka lulluɓe kujeru, ko masu shara ba sa zuwa. Gwaggon birai kaɗai suka rage, suna zaune bisa katanga suna kallon ruwa. Akwai wani babba mai yagaggen kunne da Mzee ya soma gaisarwa da safe. Ya ce mini aƙalla shi wannan in ya sace maka gwanda yau, gobe za ka same shi a inda ka bar shi.

A cikin ruwan nan Yaya ta zame a bayan gida ta gurɗe ƙafa. Mzee ya fita da laima yana bin ƙofofi. Kowace ƙofa a kulle, sai ɗan akwatin makulli mai lambobi a jikinta. A gida na ƙarshe da ya danna ƙararrawa, wata murya ta fito daga bango ta yi masa barka da zuwa, ta ce ya ji daɗin hutunsa. Ya gaya mata matarsa ce ta faɗi. Ta sake yi masa barka da zuwa.

Da ya kira ni ina can hayin Likoni, layin jiran jirgin fito ya kai kasuwa. Sai na kira Bi Riziki, mai suyar kifi a lungun nan na Ukunda, wadda sau ɗaya tak suka taɓa haɗuwa da Yaya, ranar duba gida. Kafin in iso, tuk-tuk uku cike da mata sun riga ni, har da mai ɗori. Sun ɗaure ƙafar, sun dafa shayi, sun wanke kwanuka, sun zagi Mzee a kan irin tayil ɗin da ya shimfiɗa. Bi Riziki ta ce ba za a bar mace ta yi jinya a maƙabarta ba. Suka ɗauke ta.

Ƙafa ta warke, Yaya ba ta dawo ba. Ta aiko ni in gaya masa akwai gida a lungun da ake nema wa mai shiga. Mzee ya ce shi ba ya canza magana. Ya zauna da biransa, yana cin burodi da shayi, har ranar da mai yagaggen kunne ya shiga kicin ya fita da tukunyar shayin. Washegari ya ce in zo da tuk-tuk in kwashe shi zuwa Ukunda.

Njambi ta yi roƙo har da hawaye, ta ce lokacin baƙi ya kusa, kuma an riga an kama gidaje saboda shi. Ya ƙi. Amma ya ba ta makullin gidansa ta haɗa da sauran.

Bayan 'yan watanni ya ce in kai shi ya ga yadda ake kula masa da furanni. Muna shan kwana muka hango taro a gaban barandar. Wani tsoho ne a kujerar Mzee, da zani mai ratsi da hula, yana nuna baƙi da sanda yana balbale su. Njambi ce ta ɗauko shi daga Kwale. Da ya gama aka tafa.

Mzee ya matsa ya yi sallama, ya tambaye shi sunansa.

"Bwanaheri," in ji tsohon. "Tsohon matuƙin jirgin ruwa. Na kai har Maskat."

"Ban taɓa tuƙa jirgi ba. A ofishin awo na yi aiki."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To kai ke nan, Malam. Ni dai na tuƙa."

Nan fa aka kaure. Mzee ya ce kujerarsa ce, barandarsa ce, sunansa ne. Tsohon ya ce in sunansa ne ya nuna taurarinsa, shi dai biyar gare shi cif. Baƙi suka kewaye su suna ɗauka, wata tana tambayata ko kullum ake yin na mutum biyu. Mzee ya fara zafi ke nan, muryarsa ta buɗe, sai tsohon ya duba agogo, ya tuɓe hula ya cusa a leda, ya ce lokacin tashinsa ya yi, in da sauran magana a dawo gobe.

Sannan ya tambaye ni ko Ukunda muka nufa, don a can yake samun motar Kwale. Na ɗauke su su biyu a baya. Da muka kai babban titi sai na ji Mzee yana tambayarsa, ƙasa-ƙasa, me yake ƙarawa a faɗan da har yake kai biyar.