Ɗaya Cikin Shida

Auta ta faɗi jarrabawar lasisin zanen gine-gine, kuma ubanta ne ya kayar da ita. Shi dai bai sani ba tukuna.

Birkila ne, shekara talatin da ɗoriya yana ɗora bulo kan bulo. Karatunsa bai wuce na rasit ɗin siminti ba, shi ma sai ya nisanta takardar da fuskarsa. Amma autarsa ta yi shekara biyar a jami'a tana koyon zanen gini, ta ƙara biyu a wani ofis tana zana gidaje wani yana buga hatiminsa a kai. Wannan jarrabawa ce za ta ba ta nata hatimin. Tun kafin a zauna ta Birkila ya gama shelanta wa layinsu cewa daga bana 'yarsa ce za ta riƙa zanawa shi yana ginawa. Da sakamako ya fito sai ya daina bi ta gaban shagon aski, ya koma zagayawa ta bayan layi.

Wata uku aka bayar kafin zama na biyu. Shugaban ofishinsu ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: kujerar mai lasisi ɗaya ce ta rage, kuma ba zai riƙe mata ita har zama na uku ba.

Gidan ya koma makaranta. Auta ta yanka kwali ƙanana-ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ta bi bango tana mannawa. Akwai a jikin firji, akwai a bayan ƙofar banɗaki, har madubin uwarta bai tsira ba. Ga tef ɗin awo a hannunta kullum. Ta auna ƙofofi, ta auna tagogi, ta auna matakalar bene. Duk abin da ta auna sai ta yi shiru ta rubuta a littafi, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo wajen Birkila, don shi ya gina gidan da hannunsa.

"Me kika gani?" in ji shi.

"Ba komai, Baba."

"In ba komai me kike rubutawa?"

Uwar ta amsa daga kicin: "Zunubanka take lissafawa, Malam. Littafin ma ba zai isa ba."

Wata rana da hantsi, ba shi da aiki, ya ce a kawo kwalayen shi zai yi mata tambaya. Ya zauna a kujerar falo, ya sa tabarau, ya gyara murya. Ya tambayi faɗin ƙofar gudun gobara, ta amsa. Ya tambayi tsayin matakala, ta amsa. Yana juya kwali yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta littafin. Sai ya zo kan ɗaya.

"Gangaren da ake yi wa masu keken guragu a ƙofar gini. In tudun ƙafa ɗaya ne, ƙafa nawa gangaren zai tafi?"

"Shi..." Ta cije leɓe. "Goma sha biyu."

Ya juya kwalin. Ya nisanta shi, ya matso da shi.

"Wannan kuskure ne. Shida ne."

"Goma sha biyu ne, Baba."

"Wane asararre ne zai ja gangare ƙafa goma sha biyu a kan tudun ƙafa ɗaya? Simintin ubansa ne? Ɗaya cikin shida. Tun kina 'yar mitsitsiya nake faɗa miki."

"Shi ya sa na faɗi ai."

A kicin cokali ya daina motsi.

Ba ta so faɗa ba, amma tunda ta fito sai ta ƙarasa. A jarrabawar an ce su zana ƙofar wani ƙaramin asibiti da gangarenta. Tana zuwa wurin sai lambar ta ɓace mata ɗif. Ta rufe ido tana lalube, ba ta ji muryar malamin jami'a ko ɗaya ba, sai ta ubanta, lokacin da take bin sa wurin aiki tana da shekara goma: ɗaya cikin shida, kada ki ɓata wa mutane siminti. Ta zana shida. Masu dubawa suka zagaye wurin da jan biro. A dokarsu, wanda ya kuskure wannan ya faɗi, ko da sauran zanen ya fi na kowa kyau.

"Kuma har yanzu bai fita ba," ta ce. "Sau biyu ina gwada tsofaffin tambayoyi, sau biyu hannuna yana rubuta shida kafin in farga. Muryarka ce, Baba. Kai ka saka min ita, kai za ka cire. Ka ce min shida kuskure ne, da bakinka."

Abu mai sauƙi. Wani uban da tuni ya faɗa an wuce wurin. Birkila ya cire tabarau ya ninke.

"Ba zan yi ƙarya don in faranta wa masu jan biro ba. Sun taɓa kwaɓa siminti? Gangaren kantin maganin bakin titi ni na zuba shi, shekara huɗu ke nan, ɗaya cikin shida. Ko tsagewa bai yi ba. Waye ya taɓa kawo ƙara?"

"Ka taɓa hawa shi a keke?"

"Me zai kai ni keke da ƙafafuna biyu?"

"To," in ji uwar daga ƙofar kicin, tana goge hannu, "ga abokinka Mai Rediyo nan. Je ka ara."

Mai Rediyo yana da rumfar gyaran rediyo da fanka daura da kantin maganin. Tun hatsarin mota da ya yi, shekara tara ke nan, a keke yake yawo. Shi da Birkila tare suka taso, kuma ba su taɓa gaisawa ba tare da sun zagi juna ba.

Suka same shi ya buɗe cikin wata fanka. Birkila ya yi bayani a tsaitsaye, wai yarinya ce boko ya ruɗa, yana so ya nuna mata aiki a aikace.

Mai Rediyo ya ajiye sukundireba. Ya dubi Birkila, ya dubi gangaren a tsallaken hanya, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wannan zamiyar yaran? Mutumina, ashe gangare ne?"

"Kai dai ba ka da ta ido."

"Shekara huɗu ina tsayawa a ƙasansa ina ƙwala wa mai kanti kira ya miƙo min magani. Duk layin nan sun san ranar da nake fama da basir."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ka tambaye ni? Ranar da ka gama shi nan ka zo kana cika baki wai don ni ka yi. Na ce na gode. Me kake so in ce?"

Wannan ta shiga Birkila, amma bai nuna ba. Ya ce ƙarfin hannu ne mutumin ba shi da shi, zaman rumfa ya cinye shi. Mai Rediyo bai yi musu ba. Ya dafa benci ya zame kansa a kai, ya tura keken da hannu ɗaya.

"Bisimilla. Ga birki nan a gefe. In ka lanƙwasa min ƙafa kai za ka goya ni gida."

Birkila ya zauna. Auta ta tsallaka da shi titi. Kafin su isa, mai aski ya fito da almakashi a hannu, mai kantin magani ya leƙo, masu jiran mota sun juyo. Ƙofar kantin ƙafa biyu take daga ƙasa, gangaren ƙafa goma sha biyu, sumul, an goge shi da cokalin gini har yana ƙyalli. Aiki mai kyau, in a ido ne.

Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙafafun keken. Turawa ta farko ya hau ƙafa uku. Ta biyu ya ƙara ɗaya. A ta uku ƙananan ƙafafun gaba suka ɗaga sama, keken ya nemi kifewa da baya, ba don Auta ta tare da cinyarta ba da ƙeyarsa ta sha kankare.

"Hannu, mutumina, hannu!" Mai Rediyo yake ihu daga rumfa. "Ina ƙarfin ɗaukar bulon?"

Ya sake gwadawa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, hularsa ta faɗi. Mutumin da yake ɗaga buhun siminti shi kaɗai ya kasa kai kansa ƙofar kanti. Keken ya dawo da shi inda ya fara.

"Baba, ya isa haka," in ji Auta a hankali. Ta ga abin da take son gani, kuma ba ta son taron.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma mai aski yana kallo.

"Hawa daban," ya ce yana haki. "Kowa ana tura shi a hawa. Saukowa ita ce magana. Tura ni sama."

"Baba..."

"Na ce tura ni."

Ta tura shi da ƙyar har bakin ƙofa, ta juya shi. Mai kantin magani ya ce, "Malam, da dai ka haƙura." Birkila ya ce a sake shi. Ta saki.

Ƙafa goma sha biyu ba nisa ba ne. Kafin ya tuna gefen da birkin yake ya riga ya ƙare su. Keken ya wuce gangaren, ya wuce dandamalin gaban kanti, ƙananan ƙafafun suka faɗa bakin kwalbati suka tsaya cak. Keken ya tsaya, Birkila bai tsaya ba. Ya tafi da fuska ya gaisa da murfin kwalbatin, wanda shi ma, in za a faɗi gaskiya, shi ya zuba shi.

Aka ruga. Mai Rediyo yana daga benci yana tambaya, "Keken fa? Ku duba min keken!"

Keken lafiya lau. Birkila ya tashi zaune, ya tofar da jini, ya tofar da wani abu fari, ya sake tofar da wani. Mai kanti ya kawo auduga, wannan karon shi ya sauko da kansa ba a kira shi ba. Auta ta durƙusa tana goge masa baki, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Ya daɗe yana kallon gangaren. Sannan ya dube ta.

"Nawa kika ce?"

"Goma sha biyu, Baba."

"Goma fa biyu," ya ce, don iskar giɓin haƙoransa ta hana "sha" ɗin fita daidai. Ya sake gwadawa, ta sake fita a karkace. Ya ɗaga murya yadda mai aski zai ji. "Goma fa biyu! Fida kuskure ne. Kin ji da bakina."

Dariyar da Auta take dannewa ta ƙwace. Har suka isa gida tana maimaitawa, uwar kuwa da ta ji labari sai da ta zauna a ƙasa.

Washegari ya koma da guduma, leɓe a kumbure. Kwana uku yana fasa abin da ya zuba. Wurin bai isa ƙafa ashirin da huɗu a miƙe ba, sai Auta ta zana masa yadda zai bi jikin bango ya karya kwana, da wurin hutawa a tsakiya da ƙarfen riƙewa. Karo na farko ke nan ta zana ya gina, kuma ba ta bar shi ya goge saman sumul ba. Mai Rediyo ya kafa kekensa a inuwa yana duba aiki, yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Ranar da kankaren ya bushe shi ya fara hawa, da hannu ɗaya, ya shiga kantin ya zagaya bai sayi komai ba ya fito.

A zama na biyu tambayar gangare ta sake fitowa, a ƙofar makaranta. Auta ta ce mai gadin jarrabawa sai da ya zo ya tsaya a kanta, don ya ga tana dariya ita kaɗai. Ta ci. Kujerar ofis ta zama tata.

Likitan haƙori ya duba bakin Birkila ya ce babu abin da za a mayar. Haƙora biyu ne suka fita, na gaba, na sama. Da su yake tsinke igiyar gini tun yana saurayi. Yanzu sai ya tsaya neman wuƙa.