Misis Lutie Pettiford

A shekarar 1953 ni ce mai rubuta sanarwar rasuwa a jaridar garinmu da ke kudancin jihar Jojiya a Amurka. Sunana Verna Sizemore. Duk ranar Juma'a muke fitowa, shafi takwas.

Wata Laraba da hantsi, ana tsananin zafi, Ozell Pettiford, mai shagon aski a unguwar baƙaƙen fata, ya shigo ta ƙofar baya, hularsa a hannu. Matarsa ta rasu ranar Litinin, bayan ta shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamaren unguwarsu. Ya miƙo min takarda da rubutun hannunsa. Layin farko: Misis Lutie Pettiford.

A jaridarmu, matar aure farar fata kaɗai ake sa wa Misis. Baƙar fata kuwa sunanta ake bugawa haka kawai, ko da ta yi jikoki.

"Ranki ya daɗe, na san tsarinku," in ji shi. "In ba za a sa ba, a bar sanarwar baki ɗaya."

Na kai wa edita, Mista Harlan Tutwiler. Ko sigarinsa bai ajiye ba ya ja jan fensir a kan kalmar.

"Yallaɓai, ita fa ta koya wa rabin garin nan karatu."

"Rabin da ba sa sayen jaridata. Tun zamanin babana haka ake yi, Verna. A buga Lutie."

Na koma kujerata amma na kasa zama. Na fere fensiran da ba sa bukatar fira. Sau biyu na tsallaka titi na sayo lemo, duka biyun suka yi ɗumi a kan tebur ban sha ba. Na fara sanarwar wani manomi, na yi kuskure a sunansa har sau uku. Washegari ma haka na wuni, daga taga zuwa tebur, daga tebur zuwa taga.

Da la'asar na sake buga sanarwar a sabuwar takarda, da kalmar a ciki, na sauka ɗakin injin wurin Dewey Culpepper, tsohon da ke jera mana haruffa.

"Ke lafiya kike ta kai da kawo kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

Na miƙa masa. Ya duba layin farko, ya dube ni ta saman tabaransa.

"Ni ba na karatu, 'yar nan. Abin da aka ba ni nake jerawa."

Ranar Juma'a tun ƙarfe tara waya ta fara ruri. Wata mata ta ce an zubar da mutuncin uwarta da ke kabari. Wani ya ce kada a sake jefa masa jarida a ƙofar gida. Kafin sha biyu Mista Tutwiler ya tsaya a kaina, fuskarsa ta yi jawur.

"Kwashe kayanki."

Juma'ar da ta biyo baya ya buga gyara a shafin farko, cikin akwati: wai kuskuren inji ne ya sa aka kira marigayiyar Misis, jarida na ba masu karatu haƙuri.

Ranar Asabar na taka har shagon Ozell. An fasa gilashin tagarsa, ya toshe wurin da katako. Ya bar wanda yake wa aski a kujera, ya fito da almakashi a hannu.

"Na zo ne in ba ka haƙuri," na ce.

"Jaridar farkon na aika wa 'yarmu a birnin Detroit. Ta ce ta sa ta cikin Littafi Mai Tsarki." Ya dubi titi. "Ta biyun ban san yadda zan gaya mata ba. A gaban gari aka ba uwarta, a gaban gari aka ƙwace."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ki tafi, ranki ya daɗe, kafin a gan ki a nan. Ni za a zo tambaya, ba ke ba."

Na tafi. Bayan sati biyu na hau motar birnin Macon da akwati ɗaya, na sami aikin buga wasiƙu a ofishin wani lauya. Wata takwas na yi na bari. Daga nan sai Savannah, sai Chattanooga. A can Dewey ya rubuto min cewa Ozell ya sayar da shagon kafin sanyi ya shigo, ya koma wurin 'yarsa.