Sukarin da Ke Aljihun Iro

Tabarma biyu. Rabin buhun gero. Goran fura. Ƙaramin tulu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, kwalaben allura a cikinsa. Ƙwayoyin sukari a aljihun tsohuwar rigar soja. Da waɗannan suka baro Madawa, Sauda na kan jaki da jinjira a baya, mijinta Iro na riƙe da igiya.

Ta gama wankan jego a gidan iyayenta, ya zo ya mayar da ita Tama. Iro ya dawo daga aikin soja a Dakar da ciwon sukari. Can aka koya masa soka wa kansa allura, shi kuma ya koya wa Sauda abu guda: idan allurar ta shiga, dole abinci ya biyo baya, in ba haka ba ita ce za ta kashe shi.

Da safen nan ya soka allurar a bayan rumbu, da niyyar shan fura da zarar sun fita gari. Sai ga mahaifinta, Malam Halidu, ya ɗaura wa dokinsa sirdi.

"Ni ka raka ku har gida," in ji shi.

Iro ya durƙusa ya yi godiya. Namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ko ruwa ba ya kurɓa.

Rana ta ɗaga. Tsohon bai yi gaba ba, bai tsaya baya ba, yana gefensu yana ba da labarin farashin shanu. Sauda na kallon ƙeyar mijinta. Gumi ya jiƙa wuyan rigar. Hannunsa ya tafi aljihu, ya tsaya a bakinsa, ya dawo.

"Baba, ba ka ratsa ka kama ruwa?" ta ce.

"Da sauran lokaci, ɗiyata."

A gangaren wani kwari igiyar ta suɓuce. Iro ya yi dariya, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ya ce wani abu da Faransanci, ya dubi surukinsa ido cikin ido. Sannan ya kife a kan tsakuwa.

"Innalillahi! Iska ce ta buge shi!" Malam Halidu ya diro. "Kar ki taɓa shi! Bari in yi mashi tofi."

Sauda ta riga ta sauka. Ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko a ɗaki.

"Iro!" ta ƙwala. "Iro, buɗe bakinka!"

Tsohon ya daskare da hannu a sama. Yana kallo ɗiyarsa ta zura hannu cikin aljihun namiji, ta tauna sukari, ta ɓamɓare masa haƙora, ta shafa masa a dasashi da yatsa. Ya cije ta. Jini ya biyo yatsan. Ba ta cire ba. Jinjirar na tsala ihu a bayanta.

Can ƙwayar idonsa ta dawo. Ta tallabe kansa, ta kafa masa goran fura. Ya yi kurɓi biyu, ya hango wanda ke tsaye a kansa, ya kawar da baki.

"Sha," ta ce. "Ya riga ya gani."

Malam Halidu ya juya musu baya, ya fuskanci wani dutse.

"Mi ke gare shi?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Ciwon sukari. In ya yi allura bai ci ba, mutuwa ce."

"Tun da safe abin na aljihunshi?"

"Tun da safe."

"Mi ya hana shi?"

Ta sake kafa wa mijinta goran. Tsohon bai sake tambaya ba.

Sun isa Tama Iro na kan dokin, tsohon na ja. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo tuwo. Malam Halidu ya ɗauki akushin da kansa, ya bi su har ɗaki, ya ajiye a gaban surukinsa. Iro ya sunkuyar da kai, hannunsa bai motsa ba.

Tsohon ya dubi yatsan ɗiyarsa da ke naɗe da tsumma. Ya fita, ya ja ƙofar, ya rufe ta a kansu.

"Ki ba shi ya ci," ya ce daga waje. "Ni da shi ba mu ƙara bin hanya guda, kar kunyata ta kashe maki shi."