Sifikar da Malam Sada Ya Zaɓa

Shekara ashirin da biyu majalisar yamma tana ƙofar gidan Malam Sada a Gozaki. Ba ya dafa shayi, fara'a kuwa ba a san shi da ita ba. Amfilfaya ce ta tara masa mutane. Ya sayo ta a Funtua shekarar da auduga ta yi masa kyau, baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da sifiku huɗu da ya kafe a kusurwoyin zaure, wayoyinsu sun bi bango kamar yaɗon kabewa. Ana idar da la'asar zai tayar da janareta ya murɗa, dattawa su jeru a tabarmi a ji labarai, a ji tafsiri. Shi ke zaɓen abin da za a saurara. Ba mai taɓa maɓallin sai shi.

Da damina tsawa ta ƙone ta. Mai gyara a Malumfashi ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce sai haƙuri.

Ba a yi mako biyu ba majalisa ta koma gindin dalbejiyar Zubairu, tsallaken hanya. Zubairu taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa. Tare suka yi kiwon awaki, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su zagi juna ba, kamar yadda taubasai ke yi. Ɗan Zubairu ya aiko wa ubansa da wata 'yar sifika marar waya daga Kaduna, ba ta fi ƙaramar ƙwarya ba. Ba ruwanta da janareta, sola ke yi mata caji. A haɗa ta da wayar hannu ta bulutut, shi ke nan, ta yi ta magana. Har gona yake zuwa da ita a rataye.

Malam Sada yana zaune a ƙofarsa shi kaɗai, yana hango mutanensa a kan tabarmar wani.

"Ɗan kawu!" Zubairu ya ɗago murya. "Gawar tana nan, ko an kai ta makwancinta?"

"Tana nan. A mace ma ta fi gwangwanin nan naka."

"Tsallako mana, akwai gefen tabarma. Ba ma korar marayu."

"Ban taɓa zaman ƙofar wani ba."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ranar ko tuwo bai ci na kirki ba.

Yana da 'ya, Zakiyya, ma'aikaciyar jinya a Malumfashi. Ba ya karatun boko, saboda haka ta koya masa danna waya ya yi magana ya aika, ita ma ta amsa da murya. Ya zagaya bayan rumbu ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa. Ranar Asabar ta zo da mota, ta ce ya shirya su tafi Funtua ya zaɓi wadda yake so.

Mai shagon, Zainulabidin, ya fara da irin ta dā. Amfilfaya sabuwa, sifiku biyar da wata ƙatuwa ta ƙasa mai gurnani. Ya kunna. Malam Sada ya ji sautin har cikin ƙirjinsa, ta gaba, ta baya, ta ko'ina. Ya miƙa hannu ya shafa murfin.

"Baba, wannan ta zaman ɗaki ce," in ji mai shagon. "In an kafa ta an kafa. Tana son wuta, tana son wayoyi. Amma wajen sauti ba a haɗa su, kuma in sifika ɗaya ta lalace, ita kaɗai za a canja."

"Na san ta. Ba kai za ka gaya mini ba."

"Ga marar waya kuma. A yi caji, a ɗauka, a aje inda aka so. Ko kana cikin gida da wayarka, tana ƙofa tana kamawa. Sai dai in batirin ya tsufa, ta tsufa."

Zakiyya ta ce, "Baba, ɗauki irin taka mana. Na ga idonka a kanta."

Gaskiya ta faɗa. Zuciyarsa tana kan amfilfayar. Amma ya tuna zauren da zafi, ya tuna ƙarar janareta, ya tuna yadda dattawa ke miƙe ƙafa suna shan iska a gindin dalbejiya. Ya tuna Zubairu da gwangwaninsa a kafaɗa.

"A cikin marasa wayar, wacce ta fi girma?"

Aka gunguro wata mai taya biyu, tsayinta ya kai ƙugun mutum, da fitilu masu canja launi.

"Ta danne 'yar ƙarama kamar ƙwarya?"

"Ko goma aka tara."

"Ita."

Ranar Lahadi bayan la'asar ya shimfiɗa tabarmi a waje, ya gunguro ta, ya haɗa ta da wayarsa, ya juya bakinta tsallaken hanya, ya ƙure sautin. 'Yar sifikar Zubairu ta zama kamar kukan sauro. Malam Mahadi mai shagon taki ne ya fara tasowa, wai zai ga fitilun. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe Zubairu da kansa ya naɗe tabarmarsa ya tsallako, sifikarsa a aljihu.

"Kai, ɗan kawu, wannan ai sai gidan biki. Ina amaryar?"

"Zauna daga gefe. Ba ma korar marayu."

Kwana huɗu Malam Sada yana cin tuwo har da ƙari.

Ran na biyar ana tsakar jin labarai, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya ga hoton Zakiyya, ya san saƙon murya ne. Maganar iyali ba ta majalisa ba ce. Ya tashi, ya ratsa zaure, ya zagaya bayan rumbu kamar yadda ya saba, ya danna ya kara a kunne.

Wayar ba ta ce komai ba. Daga ƙofar gida ya ji labarai sun yanke, muryar 'yarsa ta tashi, ƙatuwa, har tana amsawa a bangon masallaci.

"Salamu alaikum Baba, ya gida? To, ƙudajen sun dawo? Kai ka ce dattawan nan ƙudaje ne, inda zaƙi yake nan suke sauka."

Ya danna. Ya sake dannawa. Muryar ba ta tsaya ba.

"Yanzu sai ka riƙa cin abinci, ka daina sa Baba Zubairu a rai. Ka ce wai bai taɓa sayen komai da guminsa ba, ɗa ke ciyar da shi, gonarsa ma ciyawa ta cinye. To Baba, kai ma ai 'ya ce ta saya maka."

Ta yi dariya. Dariyar ta cika unguwa. Sannan labarai suka ci gaba.

Ya daɗe a bayan rumbu. Da ya fito, ba wanda ya dube shi. Malam Mahadi yana neman takalminsa. Zubairu yana tsaye, ba alamar wasa a fuskarsa.

"Sada," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunansa tun rasuwar gwaggo. "Shekara sittin ina zaginka kana zagina. Duk a gabanka nake yi. Da nan ka faɗa, kan tabarmar nan, da na rama an yi dariya. Ka shiga bayan rumbu ka gaya wa yarinyar da na yi wa huɗuba."

Malam Sada ya buɗe baki. Kalmar da ta kamata tana nan, ya san ta, bai taɓa faɗa wa kowa ita ba.

"Ban yi ƙarya ba," ya ce.

Zubairu ya naɗe tabarmarsa. Malam Mahadi ya sa takalmi ya ce, "Bari ƙudaje su tashi." Suka tashi duka.

Washegari bayan la'asar ya shimfiɗa tabarmi, ya gunguro sifika, ya ƙure ta. Ba wanda ya tsallako. A gindin dalbejiya ba su kunna komai ba, hira kawai suke yi. Yana ganin bakunansu na motsi, yana ganin Malam Mahadi ya kwashe da dariya har yana dukan cinya, amma sifikarsa ta hana shi jin ko kalma ɗaya.

Ya rage sautin. Ya sake ragewa. Can ya kashe ta gaba ɗaya, ya kawar da kai gefe kamar mai duban hanya, ya kasa kunne.