Sabon Keken Habu

Da aka sanar za a yi tseren keke ranar fet, wato bikin ƙasa, a Magariya, Habu mai butik ya tafi Kano ya dawo da wani keke mai siraran tayoyi, wanda mutum zai iya ɗagawa da yatsa biyu. Ya jingine shi a ƙofar butik, duk wanda ya zo sayen sukari sai ya tsaya ya shafa. Bai hau shi ba sai ɗan zagayen unguwa, don kada fenti ya goge.

Mamadu, taubashinsa, mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin wani ƙauye ta wajen Guci, kuma da tsohon kekensa yake zirga-zirga rani da damina. Shi ma ya ba da sunansa.

"Mushe, da wannan gwangwanin za ka shiga?" in ji Habu a gaban jama'a. "Ka taimaka ka ɗaura masa jaki a gaba."

Aka yi ta dariya. Mamadu ma ya dara, ya ce, "Allah ya kai mu, Alhaji."

Ranar tsere da hantsi aka busa usur. Habu ya fita kamar an harba shi, har ya waiwaya yana ɗaga wa mutane hannu. Amma da suka bar gari, hanyar Dungas ta miƙe, sai numfashinsa ya soma sarƙewa. Cinyoyinsa suka yi nauyi. Mahaya suka yi ta wuce shi, har da Mamadu, wanda kekensa ke ƙara kamar injin niƙa amma yana cikin na gaba.

Habu ya ƙi tsayawa. Ya ci gaba da takawa har idonsa ya yi duhu, ya faɗa cikin gonar gyaɗa yana amai.

Da ya farfaɗo, Mamadu ne a tsugune yana zuba masa ruwa a ka. Na gaban sun kai iyaka sun juyo ke nan Mamadu ya hango shi a kwance, ya sauka.

"Ka tafi, za su wuce ka," in ji Habu da ƙyar.

"Sun riga sun wuce. Sha a hankali."

A amalanken shanu aka dawo da shi gari, keken a kwance kusa da shi, Mamadu na biye a baya. Suna shigowa ya ji wani yana cewa ai da Mushe bai tsaya ba, shi zai zo na fari. Habu ya ja hula ya rufe fuska.

A gida matarsa Hinda ta ajiye masa fura. Da la'asar Mamadu ya zo duba shi. Habu ya so ya ba shi haƙuri, bakinsa ya kasa. Sai ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba," in ji Mamadu, ya jawo tabarma ya zauna.